Allon da na miƙe wa haruffa

Shekara biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, kuma rabinsu a bayan taga na yi su. Duk da haka, da aka ce wasu ƴan furoje, ma'aikatan ƙungiyar agaji, za su zo kasuwar Diffa neman wanda zai riƙa ba su tattasai, sai na ga dole rumfata ta yi allo. Maƙwabcina ya riga ya kafa nasa, haruffa tsaye ƙiƙam kamar sojoji. In suka zaɓe shi, tattasaina zai kai damina a buhu.

Na tafi neman allo wurin wani tsohon mushe, malamin lakwal da ya bar koyarwa ya koma buga takardu da ordinatar, wato kwamfuta. Ya ce, "Alhaji, zan zaɓo maka rubutun manya."

Da na je karɓa, sai na tarar kowane harafi ya kishingiɗa dama, kamar ciyawar bakin Komadugu in ruwa na janta. Wani wuri kauri, wani wuri siriri kamar zare, ga ƴan takalma a ƙafafunsu, wani har da wutsiya a lanƙwashe.

Na ce, "Mushe, injinka ya sha wani abu ne?"

Ya ce, "Haba Alhaji! Italik ke nan. Da shi ake rubuta difloma da katin biki. Harafi ne mai ladabi, rusunawa yake yi."

Na ce to, na gode. A raina na ce mai rusunawa ba ya sayar da tattasai.

Na dawo rumfa da guduma. Na ɗaga gefen dama, na sauke na hagu, ina ja da baya ina dubawa, har haruffan suka miƙe tsaf. Na buga ƙusa huɗu. Gaskiya sunana ya koma hawan tudu, amma kowane harafi na tsaye da ƙafarsa.

Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Baba Alhaji, allon ne ya karkace ko wuyana?"

Na ce, "Wuyanka ne, tun haihuwa."

Ranar Talata ƴan furoje suka iso da farar mota. Babbansu ya tsaya gaban rumfata, ya karkata kai, ya ɗauki hoto. Zuciyata ta ce an gama. Sai ya tambayi tafinta ko ambaliya ce ta yi mini wannan ɓarna. Kafin in buɗe baki, tafinta ya ce eh, bawan Allah, an gani ai.

Suka rubuta sunana. Tattasai kuwa wurin maƙwabcina suka ɗauka, buhu bayan buhu, ina kallo.

Bayan sati biyu aka kira ni, aka ba ni bokiti da sabulu da bargo, da wata takarda ta waɗanda bala'i ya shafa. Na kai wa mushe ya karanta mini. Ya daɗe yana dariya kafin ya nuna mini sunana a ƙasa. Da haruffan nan masu rusunawa suka rubuta shi.