Fitilun Gada

Har yau in na ji ƙamshin turaren wuta a rufaffen ɗaki, sai ƙirjina ya ɗaure. A irin wannan ɗakin na tashi, a gidan haya a Treichville, yarinya mai ciwon fuka. Inna ta yi imani iskar lagun, wato tafkin da ya ratsa garin, ita ce ke shiga ƙirjina. Don haka takan rufe taga, ta zuba turare a kasko, ta saka mini rigar sanyi a cikin zafin Abijan, ni kuwa ina ta shaƙewa kamar kazar da aka matse.

Ajinmu a saman bene yake. Kafin in kai ƙofa numfashina ya fara fito, sai in zauna a matakala. Rannan aka kawo ni gida a goye, Inna ta ce makaranta ta ƙare. Na yi kuka sosai, don ina son karatu.

Gwaggo, yayar Baba, 'yar kasuwar atamfa ce a Adjamé, kuma a ƙafa take zuwa don raina motar haya. Ta dubi Inna ta ce, “Kin dafa yarinya a ɗaki, sa'an nan ki ce iska? Ba ni ita vakans ɗin nan, dogon hutun makarantar nan. In ba ta hau benen ba, cire ta daga lekol ɗin.”

“Yaya, in ta faɗi fa?”

“Sai in ɗauke ta. Ta kai dilar atamfa nauyi ne?”

Kullum da safe muka riƙa hawa gadar da ta nufi Plateau, maganin asibiti ƙulle a bakin zanen Gwaggo. Dokarta ɗaya ce: ja numfashi ta hanci, saki a hankali ta baki, kada in tsaya sai a gindin fitilar gada. Ranar farko fitila uku na yi na durƙusa. Ba ta lallashe ni ba, ta dai tsaya tana cin goro har na farfaɗo. Da damina ta yi nisa na kai goma, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda hakin ke saurin lafawa. Kafin a koma makaranta ina ƙetare gadar ina surutu, har Gwaggo ta ce ta gwammace lokacin da ba ni da numfashin magana.

Na hau benen, ban zauna a matakala ba.

Fukar ba ta rabu da ni ba, kada ka ɗauka labarin warkewa nake ba ka. Ƙirjin ne ya koyi aiki. Yanzu yara daga mota sai ɗaki mai sanyi, gadar ma hayaƙi ya cika ta. Ni kuwa karatun ya kai ni aikin jinya, kuma da tsufa ya taƙaita numfashin Gwaggo, ni na riƙa riƙe hannunta muna zagaya tsakar gida. Takan harare ni ta ce, “Ke, a hankali. Ni ban yi miki wannan muguntar ba.”

Wallahi ta yi.