Wayar Majo Idrisa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga watan Maris 1985, da la'asar sakaliya, Allah ya karɓi ran Majo Idrisa Shekara, mai sa barci a ɗakin fiɗa na asibitinmu na Matameye. Ni Baiwa, shekara tara nake miƙa masa kayan aiki, kuma a hannuna ya cika.

Majo, na gaji, kai ma ka tafi a gajiye. Tun da fari ya kama, ciwon nan mai cin kumatun yara ya yawaita, wanda ke kulle muƙamuƙi har cokali ba ya shiga. Irin wannan bakin ba a samun hanyar zura tiyon numfashi kafin fiɗa, sai kai ka bi ta baya. Ka soka allura a ƙasan maƙogwaro, ka tura siririyar waya ta yi sama har ta leƙo ta hanci, sannan ka ɗora tiyo a kanta ya gangara. Da aka rufe iyakar Najeriya kaya suka yanke, waya ɗaya ta rage maka, kullum sai ka dafa ta a tafasasshen ruwa ka nannaɗe a tsumma.

Ban manta Saratu 'yar Icirnawa ba, wadda ta shekara biyu tana shan kunu ta wushirya. Ranar da bakinta ya buɗe bayan fiɗa, ka bar layin jar dawar da sojoji ke rabawa, ka je ka nemo mata ƙosai don ka ga ta tauna.

Sau nawa ka miƙo mini allurar nan? "Baiwa, karɓi, ba kullum nake nan ba." Ni kuwa in ce, "Majo, sai gobe, hannuna rawa yake." Ka yi dariya ka ce goben nan tawa ta fi ruwan bana nisa.

Kai ma da naka taurin kan. Haƙori ya dame ka, aka ce ka tafi Damagaram, ka ce yara na jira, ka ba wanzami ya cire a tsaye. Kwana huɗu haɓarka ta kumbura har wuya, bakinka ya kulle, numfashi ya fara gagara. Likitanmu yana daji wajen rigakafi, motar asibiti ba mai. Ka kamo hannuna ka ɗora a wuyanka, daidai wurin.

Na soka, Majo. Sau biyu waya ta naɗe. A na uku ta leƙo ta hanci, tiyo ya shiga, amma ka riga ka yi nisa. Na san kwana ne ya ƙare, sai dai abin bai bar ni ba: da na karɓa tun ranar farko, da ba a wuyanka zan koya ba.

Ranar Alhamis za a yi wa Balki 'yar Tsauni aiki. Likita ya tambayi wanda zai zura tiyo, na ce ni ce. Na riga na tafasa wayarka.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Maryama, da 'ya'yanka, da dangi na Yauri, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya yalwata maka kabari kamar yadda ka yalwata wa 'ya'yan mutane numfashi. Ni kuma Allah ya tsayar mini da hannu ranar Alhamis. Amin.