Ciyawar Goggo Talatu

Kun san Goggo Talatu ba ta taɓa fita ba 'yar fartanya a jaka ba. Jakar da take saka Littafi Mai Tsarki, nan fartanyar ke zaune, har ta huda gindinta. Ranar auren Rifkatu mun jeru za a ɗauki hoto aka nemi Goggo aka rasa, ashe tana bayan coci a tsugune da ankonta sabo fil, tana tonon wata saiwa. Ni 'yar ƙanenta ce, kuma ni na fi kowa ɗaukar mata baho, don haka kafin ku yanke maganar zuba siminti a tsakar gidan nan, ku bar ni in tuna muku yadda abin da ke cikinsa ya zo.

Shekarar da aka ba mu jiha Jalingo ta zama babban birni, aka yanka dajin bayan Nukkai za a gina gidajen ma'aikata. Kowa na kukan gona, Goggo na kukan fure. Ta ce masara ko'ina ka jefa ta za ta fito, amma furannin dajin nan in katafila ta bi ta kansu shi ke nan. Ta ɗaura ɗamara cewa kafin ruwan fari ya sauka sai ta kwaso kowane iri ta dasa a gidanta.

Bazara ce, ƙasa ta yi tauri, ina hutun makarantar da nake koyarwa, ta ja ni muka tafi. Muka tarar katafila ta nufi wani kwari inda albasar kwaɗi take, wadda ke fitar da farin fure mai jan layi da zarar an yi ruwa. Goggo ta je gaban motar ta shimfiɗa zani ta zauna. Direban, wani dogon Bafulatani, ya kashe inji ya leƙo.

"Dada, useni, don Allah ki tashi, aiki nake yi."

"Ni ma aiki nake," in ji ta. "Naka na kashewa, nawa na ceto. Wane zai jira wane?"

Ya jira. Da ya ga rana na yi, tsohuwa kuma ba ta ko kai rabi ba, sai ya sa bakin katafilar ya ɗago mata ƙasar gaba ɗaya da albasar a ciki. Kuna tsammanin ta gode? Ta tsinci guda biyu da suka ƙuje, ta kai masa har kujera, ta ce hannunsa ba shi da ladabi.

Da Bulus ɗanta ya ga abin ya yi yawa, ya sayo mata furen Turawa daga Jos a tukunya, wai ko za ta bar yawon daji. Ta zagaya shi sau ɗaya ta ce wannan kullum sai an ba shi ruwa ana lallashi kamar mai jego, ta kai wa matar fasto.

Sai maganar wuta-wuta. Duk wanda ya taɓa noman dawa ya san ta, ita ce ke tsotse amfanin gona ta bar manomi da hawaye. Goggo ta ce ba ruwanta, furenta ruwan hoda ne, kuma a dajin nan ta gan ta. Ta dasa ta mutu, ta sake ta mutu. Da aka gaya mata ba ta rayuwa sai a jikin dawa, sai ta ɗebo ƙasar wata gona da ta lalace, ta cika tsohon baho, ta shuka dawa uku a ciki. Baba Hamidu maƙwabcinmu ya leƙo ta kan katanga, hularsa ta kusa faɗuwa. Ya ce shekara arba'in yana yaƙi da abin nan, yau ga wata tana dafa masa abincin rana. Sai da ta yi alkawarin tsinke furen kafin ya yi iri, kuma ta cika. Amma kullum da safe sai ta tsaya gaban dawar nan da ta ƙanjame ta ce mata, "Yi haƙuri, kowa da aikin da aka ba shi."

Abin da ya jawo mana hukuma kuwa rawaya ce. Ita ba ta yin furen nan nata mai ruwan ƙwai sai an ƙone daji, don haka da rani Goggo ta tara busasshiyar ciyawa a kanta ta ƙyasta ashana, da tsakar rana, a tsakiyar unguwa. Mata suka fito da bokitai, ita tana tare su da sanda. Bayan kwana biyu ga duba-gari da takarda: a share wannan jeji kafin Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar gari, ko su zo da adduna su share da kansu.

Ranar ce kaɗai na ga ta tsorata. Amma ta tambaye shi yadda ake gane fure da ciyawa.

"Mama, fulawa yana da layi, yana da farin dutse a gefe, kamar na ofis. Wannan daji ne kawai."

Kwana uku muna jidon duwatsu daga kogi a ka, ni da ita. Bayana bai sake zama daidai ba. Muka shafe su da farar ƙasa muka kewaye kowane tsiro, har bahon dawar nan ya samu nasa. Ran Asabar mutumin ya zo ya zagaya, hannu a baya, ya gyaɗa kai, sannan ya rage murya ya ce ko za a sammasa albasa ɗaya ya kai wa matarsa. Goggo ta riƙe ta a sama ta ce sai ya faɗi sunan abin a gaban jama'a. Ya ce, "Fulawa ne, Mama." Ta sa ya maimaita don Baba Hamidu bai ji ba.

Bara da ciwo ya kwantar da ita, ta sa na fito mata da kujera nan, tana nuna mini kowanne tana faɗin sunansa da yaren Mumuye, ina maimaitawa. Ban rubuta ba, na ɗauka akwai lokaci. Huɗu kawai na riƙe, kuma abin yana cin raina har yau.

Bulus, na san tsakar gidan na yin taɓo da damina, na san yara na shiga ɗaki da shi. A zuba siminti daga ƙofa zuwa kicin, na yarda. Sauran kuwa a'a. Makon jiya na taka har gidajen ma'aikatan nan na duba lungu-lungu, ko ɗaya daga furannin nan babu. Abin da ke kwance ƙarƙashin ƙasar nan shi ne duk abin da ya rage na dajin. Zan riƙa zuwa daga unguwar Majidaɗi kowace Asabar in yi cira, ba zan nemi kowa ya taya ni ba.

Ubangiji, ka ga yadda baiwarka ta wahala a kan ƙananan abubuwan da ka halitta. Ka ba ta hutu a wurinka, mu kuma ka ba mu ƙarfin riƙe abin da ta bari. Amin.