Injina biyu da na ɓatar a biro

Na taɓa yin kwana huɗu ina neman abin da bai ɓace ba, har na kashe goro wurin malam a kansa. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa ya ƙara gishiri.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai, na baro Kona da rumbu wayam. Allah ya taimake ni na samu aikin gadi a Tasawa, a biro, wato ofis, na masu rabon hatsi. Baki tara ke jiran wannan aikin a gida. Wanda na gada, batirin mota ɗaya ya ɓace aka sallame shi.

Lakkol ɗina, wato makarantar boko, wata biyu ne, na gudu. Saboda haka da gawayi nake aiki: kowane kaya aka damƙa mani, in ja layi a bangon rumfata. Babur huɗu, layi huɗu. Ranar farko shef, shugaban biro, ya tsaya da ni ƙofar wani ɗaki mai sanyi, ya ce, "Baba gardi, injina uku ne a nan. Ɗaya na riƙe da sunayen garuruwan Tasawa, ɗaya na Mayahi, ɗaya ke magana da Yamai. Ko ɗaya ya yi ƙafa, kai ma ka yi." Na ja layi uku, ban taɓa leƙa ɗakin ba.

Sai ranar da mai shara ta kwanta ciwo aka miƙo mani tsintsiya da makulli. Na shiga, sanyi ya buge ni. Akwati ɗaya na gani, baƙi, bai kai buhun gero ba, yana gurnani. Na duba ƙarƙashin tebur. Na duba bayan ƙofa. Har silin na ɗaga kai na kalla, kamar inji na hawa sama.

Ban gaya wa kowa ba. Ranar kasuwa na zagaya masu gyaran rediyo ina tambaya ko an kawo masu baƙin akwati mai gurnani. Wani ya nuna mani tsohon firiji. Malam kuwa ya ce kayan na kusa, ba su bar gidan ba. A raina na ce wannan goro ya tafi a banza.

Zargina ya sauka kan shofer ɗinmu, Bagobiri daga wajen El Allassane Maïreyrey, abokin wasana. Shi ke fita da mota lulluɓe da tamfol. Kullum in ya iso sai ya ce, "Bawana, buɗe wa ubangidanka ƙofa!" ni kuma in ce bara dai Bagobiri ne, ko da ya shigo biro. A kwanakin nan na daina ramawa. Ina ɗaga tamfol ina leƙawa, yana kallona ta madubi. Na riga na shirya kalmomin da zan gaya wa shef a kansa, har na maimaita su ina alwala.

Rana ta huɗu Madam ta zo daga Maraɗi, mace mai furfura a gaban goshi, ita ke duba injinan. Na san yau asiri zai tonu. Na bi ta har ɗakin, na cire hula.

"Hajiya, biyu sun ɓace a hannuna."

"Me ya ɓace, Baba?"

Na nuna akwatin, na ɗaga yatsu uku. Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta jawo mani kujera, ta kunna gilashin da ke kan tebur. Sai ga taga uku. Ɗaya shuɗiya mai ƴan hotuna, ɗaya baƙa ƙirin sai farin rubutu yana gudu, ta ukun ma da irin fuskarta.

"Ga su nan, duk cikin akwatin. Kowane da yarensa da halinsa. Wannan baƙin ba ya jin maganar shuɗin ko kaɗan."

Tsoro ya sake ni, sai tambaya ta kama ni. Na ce, to ba sa faɗa? Ta ce akwai wani a ƙarƙashinsu, kamar mai gidan haya, shi ke raba masu ƙarfi da wurin ajiya, kowa da iyakarsa. Na ce in ɗaya ya yi ciwo fa? Ta ce sai ta kwantar da shi ta tashe shi, sauran ba su ma sani ba. Na ce in kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, ko akwatin ya ƙone fa? Nan ta daina dariya. "Duka ukun ke nan. Shi ya sa muke aje ka."

Abin da ya fi tsaya mani shi ne da na tambaya ko sun san da junansu. Ta ce a'a, kowane zato yake shi kaɗai ne a gidan. Na kara kunnena jikin akwatin na daɗe, ko zan rarrabe murya uku. Gurnani ɗaya ne. Har yau in na tuna ina so in san a wane lungu na Mayahi yake zaune.

Madam ba ta gaya wa shef ba, aikina ya tsaya. Na koma rumfa na zagaye layukan nan uku da da'ira ɗaya.

Amma dariyarta ta kai waje. Da la'asar shofer ya zo ya zauna kan tabarmata, abin da bai saba ba. Ya zuba wa kansa shayina, ya kalli da'irar bangon. Bai ce bawana ba.

"Gardi," ya ce, "da ba ta zo yau ba, sunana za ka kai wa shef, ko?"