Agogon da Na Zana a Kife

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar jarrabawarmu ta ƙarshe a makarantar koyon kwamfuta ta unguwar Amriguébé. Lokacin ban daɗe da gama lise ba, wato sakandare. Baba ya bar ni na shiga ne bisa sharaɗi ɗaya: in na faɗi, in koma shagonsa na atamfa a Mardjandafak, kada in sake ɗago masa maganar karatu. Shi kuwa Baba ba ya magana biyu.

Aikin kamar wasa. Malamin ya ce mu rubuta umarnin da zai sa kwamfuta ta zana agogon bango: da'ira, da lambobi goma sha biyu a bakinta. Kowace lamba sai ka lissafa mazauninta a kan layin da'irar, ka gaya wa kwamfuta nisanta daga gefe da kuma tsayinta. Wannan lissafin na iya shi tun a lise. Na rubuta a gurguje, na danna.

Sai ga agogo a kife. Sha biyu a ƙasa, shida a sama.

Na duba lissafin, daidai yake. Na shiga canje-canje ba kai ba gindi, lambobin suka bar layin, wasu suka shige ciki, wasu suka fice daga allon gaba ɗaya. Ga shi babu wuta, janareto ake amfani da shi, shi ma ya fara tari. Malamin ya ce da Larabci, "Mai ya kusa ƙarewa. In janareton ya mutu, kalas, shi ke nan, abin da na gani shi zan ba maki."

Na ce, "Misye, kwamfutar nan taɓaɓɓiya ce!"

"To ita za ta faɗi ko ke?"

Aji ya kwashe da dariya. Wata Hajiya da ke gefena ta ce, "Ke 'yar nan, bar dukanta haka, ba turmi ba ce."

Sai na share lambobin duka, na bar ɗigo ɗaya, na ba shi tsayi sifili. Ya bayyana can sama. Na ƙara masa, sai ya sauko. Ashe allon kwamfuta daga sama yake fara ƙirga yana gangarowa, saɓanin yadda muka saba a lise! Na sake rubuta lissafina na farko, inda na tara tsayin na mai da shi ɗebewa. Agogon na fitowa, janareto ya mutu.

Na zauna ina kallon baƙin allo, idona ya ciko. Sai na ji muryar malamin a bayana: "Sha biyunki ta koma sama. Na gani."

Har yau ban da haƙuri, ba zan yi ƙarya ba. Amma in abu ya rikice mini, nakan ajiye sauran, in ɗauki guda ɗaya in ga inda ya faɗa kafin in taɓa komai.