Tukunyar da Ta Hau Motar Kawu Sale

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da na maimaita aji huɗu saboda malamai sun kasa rabuwa da ni. Ina tsaye a bayan a-kori-kurar Kawu Sale a gonarsa ta hanyar Ƙarfi, rana ta take tsaka, hannuwana biyu a kan wani mariƙin ƙarfe mai zafi kamar yanzu aka zaro shi daga murhu.

Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne, kuma ya tsani shebur kamar yadda na tsani lissafi. Shi ya sa ya je Funtuwa wani mai walda ya haɗa masa wata dabara: dogon bututun ƙarfe a gicciye a bakin bodin motar, an ɗaura masa tamfol mai kauri, ga mariƙi a gefe irin na injin taliya. Sai a shimfiɗa tamfol ɗin cikin bodi a loda kaya a kai. In an iso a buɗe ƙofar baya a yi ta juyawa, tamfol na naɗewa, kaya na tahowa suna zubewa da kansu. Kawu ya raɗa masa suna Sauke-mu-tafi. Aibinsa ɗaya, ba shi da birki. Kana saki tamfol zai yi sako-sako, mariƙin ya dawo ya gaida haɓarka. Ni ne direbansa. Yaran unguwarmu har gyaɗa suke ba ni don in bar su su juya sau ɗaya.

Kayan ranar ƙasar kufai ce. Duk manomi a wajenmu ya san ƙasar tsohon gari ta fi buhun taki, baƙa wuluk, ga laushi. Amma daga jujin bakin kufan ake ɗiba, ba a shiga inda ɗakunan mutane suka tsaya. Lebururan Kawu suka ga ta ciki ta fi sauƙin haƙa, suka lafta masa ita, shi kuwa yana gindin kuka yana jin rediyo.

Na fara juyawa ina waƙa, ƙasa na sulalowa tare da tsingaro da toka. Da aka ci rabin lodin sai tulin ya rabe biyu, wata tukunya ta fito daga ciki. Baƙa ce, an liƙe bakinta da yumɓu, a tsaye cak kamar wani ya zaunar da ita. Yadda ta shiga motar ba wanda ya gani, har yau lebururan nan rantsuwa suke. Ina juyawa tana tahowa gare ni a hankali, ƙasa na zubewa hagu da dama, ita ko girgiza ba ta yi. Waƙar ta maƙale min. Sai a lokacin na lura kurciyoyin da suka dame mu tun safe sun yi tsit.

"Yaro! Tsaya nan!"

Baba Nomau ne, wani tsohon Bamaguje mai gona kusa da ta Kawu, wanda kakanninsa ne suka zauna a kufan. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ranar. Kafin in tsaya tukunyar ta riga ta hau kan bututun, rabin gindinta a iska, tamfol ɗin da na ɗame ne kaɗai ke riƙe da ita.

"Kak ka ƙara, kak ka saki," in ji shi yana haki. "Ta gidanmu ce. Hannun da ya fasa ta, shi za ta bi gida."

Na juya ina neman Kawu. Mutumin da ke cewa ya taɓa marin ɗan fashi a hanyar Mahuta, ga shi can bayan tulin kara yana karanto duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar cin abinci. Daga can ya ɗago murya: "Riƙe da kyau, ɗana! Ina nan tare da kai!"

Baba Nomau bai taɓa ta nan take ba. Wai ba a ɗaukarta da hannun da ya yi aikin gona, sai da ya tafi rafi ya wanko. Aka bar ni da ita, fuskata dab da cikinta. Gumi na shiga min ido ba halin sharewa. Wani sanyi ke fitowa daga jikinta irin na randa, a wannan uwar ranar. Kuma wallahi, ko ku yarda ko kar ku yarda, na ji abu ya gyara zama a ciki. Ba ƙara ba ce, irin motsin nan ne na mai barci in ya juya a tabarma. Na tuna ɗakinmu, da inna, da ƙanwata mai rarrafe, na ce a raina ba abin da zan kai musu. Na danna ƙirjina a kan ƙarfen nan, yana ƙona ni, na ƙi ɗagawa.

Tsohon ya dawo, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, ya kai bakinsa kusa yana magana ƙasa-ƙasa yadda ake lallashin babba. Abin da na kama kawai shi ne, "Yi haƙuri, yara ne." Ya ɗaga ta ya aza a ka. "To, saki." Na saki, mariƙin ya wulwulo ya wuce ta gefen kunnena, na zube a kan kunyar gona. Kawu ya ce wa tsohon ya hau a kai shi a mota. Ko waiwaye bai yi ba, ya kama hanya da ƙafa, ba riga. Ba abin da ya biyo ni gida sai tabon ƙuna a ƙirji, wanda na shekara ina gaya wa yara wuƙa ce.

Yanzu katafila ke kwasar kufan nan, tifofi na jigila zuwa fulotai a Malumfashi. Direba na zaune da waya a kunne, ya ja wani abu, bodi ya ɗaga, komai ya zube lokaci guda, ya yi gaba. Baba Nomau ya daɗe da rasuwa, jikokinsa sun watsu birane. Wani lokaci in na ga sabon gida ana cika harsashinsa da baƙar ƙasar nan, sai in tsaya da babur ɗina in yi ta kallo. Ban san tukwane nawa suka fashe ba, ban kuma san wa suka bi ba.