Billen Hussaina

Hussaina Maiwada 'yar Likoro ce, a ƙasar Kudan, shekarunta talatin da ɗaya. Shekara shida ke nan tana aiki a wani asibitin fata a Kaduna, inda ake gyaran fuska da na'urar leza. Ita ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Aikinta kula da kawunan na'urar.

Na'urar tana da mariƙi kamar babban alƙalami, shi likita ke riƙewa tana bin fuskar mutum. A bakinsa ake ɗaura kai, kawunan kuwa iri-iri ne. Akwai mai faɗi na goshi da kumatu, akwai siriri na gefen hanci da ƙasan ido, akwai wanda ake yarwa da zarar an yi wa mutum ɗaya. Hussaina ce ke goge gilasansu, ta jera su a tire, ta miƙa wa Dakta Mukarrama wanda ya dace tun kafin ta buɗe baki. Abin da ta fara koya a wurin shi ne, idan kai bai kama wuri ba, ba a ƙara dannawa. Canza shi ake yi.

Tagwaye ne ita da Hassana, kamarsu ɗaya, muryarsu ɗaya. Tun kafin ranar suna, mahaifiyarsu, Inna Ummuhani, ta shayar da ɗaya sau biyu ɗayar tana ta tsala kuka. Saboda haka ranar suna mahaifinsu, Malam Maiwada, ya sa wanzami Lado ya yi wa Hussaina bille a kuncin hagu. Da suka yi wayo, sai Hassana ta riƙa zana nata da kwalli, su zo su ruɗa Inna. Daga nan Inna ta daina yarda da ido, ta daina yarda da rantsuwarsu. Yatsa take sawa ta shafa kunci, inda ta ji tsaga nan Hussaina take.

A Kaduna billen ya zama abin kallo. Matan da ke zuwa gyaran fuska sukan dube shi kafin su dubi idonta, wata ma ta tambaye ta ko na'urar ba ta aiki ne. Dakta Mukarrama ta ce zama uku zai kwantar da shi. Hussaina da kanta ta zaɓi kan, ta goge shi, ta miƙa, ta kwanta aka rufe mata ido. An yi zama biyu, billen ya lafa, sai wanda ya san da shi zai gano wurin. Saura zama ɗaya.

A wannan daminar hawan jinin ido ya ƙarasa rufe idon Inna. Da kaka ta yi, Hussaina ta samu hutun kwana huɗu ta tafi gida. Ta tarar da Inna a ƙofar ɗaki tana ɓare masara a ƙwarya. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi jiki, ta tambayi gona. Inna ta miƙo hannu, ta bi kuncin hagu da manuniya, yatsan da shekarun surfe da ɓarar masara suka yi wa kanta. Ta bi sau biyu.

"Hassana, ai shekaranjiya kika tafi. Lafiya dai a Maƙarfi?"

Hussaina ta ce ita ce Hussaina, daga Kaduna take. Inna ta yi dariya, ta ce har yanzu ba su bar wannan wasan ba, ga ta da 'ya'ya uku. Matan gidan suka sa baki, ta ce da ma tun da can da su ake haɗa baki. Aka kira Hassana a waya a gidan aurenta na Maƙarfi ta yi magana, Inna ta karɓi wayar ta riƙe da hannu biyu, ta ɗauka Hussaina ce, ta yi ta yi wa muryar faɗa cewa Kaduna ba Makka ba ce, a zo a gan ta tun tana da rai.

Kwana uku Hussaina tana dama mata kunu, tana kai mata ruwan alwala, tana amsa sunan da ba nata ba. Inna kuwa hirarta ɗaya ce, Hussaina. Yadda take son ɗanwake da man gyaɗa, yadda ba ta iya barci sai ta riƙe bakin zanenta. Ta sa aka ƙulla daddawa da kuka, ta ce a ba direban da ke zuwa Kaduna ya kai mata.

Hussaina ta je Hunƙuyi wurin Lado, inda yake zaune wurin ɗansa. Ya tsufa, zabirarsa tana rataye a ƙusa. Ta roƙe shi ya maido mata da billen. Ya juya fuskarta wajen haske ya duba, ya ce ba zai sa aska a fuskar babbar mace ba. Ya ƙara da cewa aikinsa yana nan, bai gama fita ba.

Ranar komawa da hantsi, jakarta na bakin zaure, ta durƙusa yin sallama. Inna ta miƙo manuniya kamar kullum. Hussaina ta riƙe hannun ta dube shi, kamar yadda take duba tire. Manuniya da babban yatsa duk kanta. Ƙaramin yatsa ne kawai aiki bai ci ba. Ta naɗe sauran, ta ɗora bakin ƙaramin a gefen hancinta, ta ja shi ƙasa a hankali.

Yatsan ya tsaya. Ya koma sama da kansa, ya sake saukowa. Direba ya danna hon a waje.

"Wa ya cinye miki shi?" Inna ta ce.

"Ni ce, Inna."

"To, ki bar min sauran."

Hussaina ba ta bi motar ba, sai washegari. Da ta koma aiki ta shaida wa Dakta Mukarrama a soke zama na uku. Kan da aka ware mata yana nan cikin ledarsa a aljihun tebur, ba a buɗe ba. Yanzu duk ƙarshen wata tana Likoro, kuma kafin ta gama gaisuwa Inna ta riga ta ɗago ƙaramin yatsa.